Kan Mai Tukunya Yana Wurin Dada

Unguwar Lamorde,
Mubi.
16 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Hamma Jibrilla,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ƙani ke yi wa wansa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Adda Ummusalma da yara, da sauran mutanenmu na Mubi da kuke zaune tare a Fatakwal. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan alhamdulillahi. Damina ta yi kyau bana, mayo, kogin nan namu, ya cika har ya shiga gonakin da ke bakinsa, dawar Kawu Mu'azu ta Mugulbu ta fi mutum tsayi. Matata Hapsatu tana lafiya, 'yarmu Nafisat ta shiga aji uku na sakandare.

Wadda ba ta da lafiya ka san ta. Mahaifiyarmu Dada tana kwance, ƙafafu sun kumbura, idon ma sai dai ta gane haske da duhu. Tun watan Yuni likitan da ya duba ta a Yola ya ja ni gefe ya ce sukari ya riga ya yi ɓarna, ƙoda ta gaji, duk wanda ya kamata ya gan ta a kira shi. Ranar na kira ka na gaya maka, ka ce bayan sallah. Sallah ta wuce da wata uku. Rabonka da gidan nan tun rasuwar Baba, shekara tara ke nan, kuma duk wanda ya yi sallama a zaure sai Dada ta ɗaga kai ta tambayi Hapsatu ko kai ne. Wannan ita ce maganar da ta sa na ɗauki biro, sauran duk biyo ta suka yi.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke danna waya. Da gangan na yi. In na kira ka murya za ta ɗaga, in faɗi abin da ba a faɗa wa na gaba, ka kashe wayar ka ce ƙaninka ya zage ka. Kuma na ga abin da saƙon murya ke iya yi wa gida. Takarda kai kaɗai za ka karanta, ba mutum sittin ba. Raina a ɓace yake, Hamma, ɓacin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ranar Talata da ta wuce na yi sammako na tafi Yola karɓo wa Dada wani magani da babu shi a Mubi. Ina kan hanya, waya babu sabis, kai kuma ka saka saƙon murya na minti bakwai a guruf ɗin dangi. Ban ji shi ba sai da yamma a tashar mota, kwalin magani yana kan cinyata. A ciki ka ce ciwon Dada ba na asibiti ba ne. Ka ce gidan da aka cika da gumaka mala'ikun rahama ba sa shigarsa, wai Mubashshir ya tara gumaka sama da ɗari a ɗaki yana goge su da auduga kamar jarirai, uwarsa tana fama a ɗakin da ke kusa. Ka ce malamai sun yi bayani, maganin irin wannan sura shi ne a cire mata kai. Sannan ka kira sunan Kawu Mu'azu, ka ce shi ne babba a gida, ya sare kawunansu a zuba a mayo kafin Juma'a. Sau uku na saurara, don na ɗauka kunnena ne. Ni da nake kai ta asibiti, ni da Hapsatu muke juya ta a gado, ni ne ka nuna wa dangi cewa ni nake riƙe da ciwon uwata.

Bari in tuna maka asalin gumakan, tun da alama Fatakwal ta goge maka. Shekarar 1987 ce, kana taya Baba buɗe dilar gwanjo a rumfarsa ta kasuwa. Ka sa hannu a aljihun wata rigar sanyi ta yara, ka ciro ɗan mutum na roba, tsayinsa bai wuce yatsa ba, da fararen kaya da hula zagayayya ta rufe masa kai gaba ɗaya. Kai ne ka gane shi, ka ce irin mutanen da ke tafiya cikin taurari ne a finafinan da muke leƙawa a gidan bidiyo, inda kake ɗora ni a wuya don in hango. Da ka kawo shi gida Dada ta juya shi ta yi dariya, ta ce wannan bawan Allah tukunya ya kife a kansa, shi ke nan sunansa ya zama Mai Tukunya. Bayan mako biyu za ka tafi makarantar kwana, ina da shekara bakwai, na riƙe maka wando ina kuka. Ka tsuguna ka sa min shi a hannu, ka naɗe yatsuna a kansa, ka ce in riƙe maka shi sai ka dawo. Duk hutu in na miƙo maka sai ka ce in ci gaba da riƙewa. To, gunki na farko da ya shigo gidan nan a aljihunka ya shigo, Alhaji.

Daga shi na fara. Da na gaji rumfar Baba duk dilar da aka buɗe sai na laluba aljihuna. Kwaji mai buhunan kayan wasa na gwanjo ba ya zazzage buhu sai ya aiko a kira ni, in zauna a ƙasa cikin motocin roba da 'yan tsana marasa hannu ina tona, mutane na wucewa suna min kallon wanda ya fara taɓuwa. A buhu goma da ƙyar ka sami ɗaya na gaske. Na koyi juya su in duba tafin ƙafa, nan ake buga shekarar da aka ƙera su, akwai na 1978, akwai na 1983. Na koyi bambanta na asali da na kwaikwayo ta nauyi da ƙanshin roba. Na san rana tana cinye musu launi, zafin Mubi yana sa su danƙo, shi ya sa kabad ɗinsu mai gilashi yake lungun da rana ba ta kaiwa. Akwai wani soja mai sulke baƙi da na samu babu 'yar bindigarsa, sai da na yi shekara shida kafin wani abokin wannan harka, Zacharia, ya samo min ita a Jos ya aiko a cikin akwatin ashana. Akwai huɗu da suka zo a kwalinsu na asali, ba a taɓa buɗe su ba tun kafin in shiga firamare. Gaba ɗaya ɗari da goma sha huɗu. Wasu maza ƙwallo suke bi, wasu tattabaru, wasu zaman majalisa da yi da mutane. Ni wannan ne nawa, ban taɓa fasa sallah a kansu ba, ban taɓa hana gidana abinci a kansu ba.

Dada ta san su fiye da yadda ta san 'ya'yanka, tun da su ta fi gani. Baƙin Mubashshir take ce musu. Ita ta raɗa wa rabinsu suna, akwai Dogo Shuɗi, akwai Mai Ido Uku, akwai wani na ƙarfe mai ƙaton ciki da take ce wa Sarkin Pawa. Shekarar da masu bindiga suka shigo garin nan muka gudu, kai ka riga ka kwashe iyalinka ka yi kudu, ba ka ga abin da muka yi ba. An ce mana masu shigowa in suka ga irin wannan a gida, mai gidan ba zai kwana da rai ba. Na zuba su a duro na haƙa rami a turken awaki, Dada da kanta ta kwaso kashin awaki ta baza a kai don kada a ga sabuwar ƙasa. Amma ta hana a binne Mai Tukunya. Ta ce wannan ajiyar Jibrilla ce, ba a barin ajiya a baya. Ta ƙulle shi a haɓar zaninta, da shi ta taka a ƙafa har Sorau, da shi ta dawo bayan wata huɗu. Masu bindiga ba su taɓa ko ɗaya ba, Hamma. Sai da aka zauna lafiya sannan wana ya gama da su daga Fatakwal, yana kishingiɗe a shagonsa.

Kada ka ce ina jayayya da malamai, ban isa ba. Na san akwai magana a kan sura, na tambaya tun da daɗewa, wani ya tsananta, wani ya sassauta a kan kayan wasa. Ban ce nawa ne daidai ba. Da ka kira ni, ni kaɗai, ka ce Mubashshir zuciyata ba ta kwanta da abin nan a gidan da Dada ke jinya ba, wallahi kafin la'asar na kwashe su na kai rumfa. Kai, ko kawunan ne ka matsa sai an cire, akwai yadda ake yi. Tsofaffin nan 'yar ƙusar roba ce ta riƙe kan a cikin ƙirji. In aka tsoma a ruwan zafi roba ta yi laushi sai a zare a hankali, a ajiye gefe, babu abin da ya lalace. Aikin yini ɗaya ne da buta ɗaya. Amma ba ka tambaye ni ba, saboda ba gyara kake nema ba. Dalili kake nema wanda zai sa ciwon Dada ya zama laifin wani, don kada a ce laifin ɗan da bai zo ba.

Ga yadda aka aiwatar da umarninka, tun da ba ka nan, kamar kullum. Da hantsi Kawu ya iso da jakarsa ta dukanci. Ya ce wa Hapsatu ta buɗe masa kabad. Ka san Hapsatu, ko ido ba ta haɗawa da Kawu, balle ta ce masa a'a. Ta kira ni ya fi sau goma bai shiga ba. Ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, ya ajiye katakon da yake yanka fata a kai, ya wasa wuƙa, ya yi bisimilla. Ɗaya bayan ɗaya. Gangar jiki a jera a tabarma, kawuna a kwanon sha. Huɗun nan na cikin kwali ya yage kwalayen ya ciro su, su ma ya bi da su. Kawu mutum ne mai tsabtar aiki, ko ɗaya bai karkace ba, kowanne ya raba ƙusar wuyan gida biyu yadda ba za ta sake shiga ba har abada. Ba na jin haushinsa ko kaɗan. Tsoho ne mai shekara saba'in da takwas, an ce masa ga abin da zai tashi ƙanwarsa daga gado, ko yatsansa aka ce ya yanke zai yanke. Kai ka san haka, shi ya sa shi ka zaɓa.

Dada tana ɗaki tana jin ƙas, ƙas, ta ɗauka takalmi yake yi. Da abin ya yi yawa ta tambayi Hapsatu wane irin takalmi ne wannan da ba ya ƙarewa. Hapsatu ta fashe da kuka ta gaya mata. Matar da ta yi mako uku ba ta zauna ba sai an tallafe ta, ranar ta dafa bango ta tashi zaune da kanta, ta ƙwala wa wanta kira da sunansa, abin da ba ta taɓa yi a gabanmu ba. Ya shigo da kwanon a hannu, yana shirin tafiya mayo. Ta ce ya ajiye mata a cinya. Ta tambaye shi wa ya aiko shi, ya ce kai. Hapsatu ta ce Dada ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Hannu ta sa a kwanon tana laluba, tana ɗauka tana shafawa tana mayarwa, tana kiran sunayensu a hankali, har ta zo kan wanda take nema. Ta shafa zagayen hular da babban yatsa, ta jawo haɓar zaninta ta ƙulle shi ƙulli biyu. Sauran ta ce a tura ƙarƙashin gadonta, duk mai son zubarwa ya zo ya ɗaga ta tukuna. Kawu ya fita bai ko sha ruwan da aka kawo masa ba, har yau bai sake tako gidan ba, an ce yana Mugulbu ko gona ba ya zuwa. Wannan ma ka ƙara a cikin ladan da ka samu.

Washegari na dawo na same su a jere a tabarma, Hapsatu ta lulluɓe su da zane. Na ɗaga na duba na mayar. Ban iya cin abinci ba ranar. Na ɗauki hoto na tura wa Zacharia, ya kira ni ya ce za a iya liƙawa da gam amma tabon ba zai ɓoyu ba, a wurin masu harkar sun riga sun mutu. Na ce masa na sani. Aikin shekara talatin da bakwai ya tafi tsakanin hantsi da azahar, kuma ina gaya maka gaskiya, ya yi min ciwo ƙwarai, har yanzu in na wuce kabad ɗin nan fayau sai in kau da kai. Amma ba shi ne ya fi ci min rai ba. A masallacin unguwa wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce Allah ya shirye ni. Nafisat ta dawo daga makaranta tana tambayar uwarta wai da gaske babanta ne ya sa wa kakarta ciwo. Ka ba ni amsar da zan ba ta.

Ko kana son sanin sakamakon maganin naka? Dorathy maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya, ita ke zuwa kowace safiya ta auna Dada. Ta ce tun ranar Talata sukari ya hau, jini ya hau, abinci kuma sai an yi da gaske take karɓar cokali uku. Ni ban san shige da ficen mala'iku ba, ba a ba ni wannan ilimi ba. Abin da na sani shi ne wanda bai shigo gidan nan ba shekara tara. Kana aiko da atamfa, kana aiko da madara da shinkafa, Allah ya saka, ba mu raina ba. Atamfofin suna cikin akwati ko ɗinkawa ba a yi ba, mai ɗaurawa ba ta fita ko'ina. Kullum hanya ba kyau, kullum kasuwa ba ta barin ka, kullum bayan sallah. Duk mako tireloli na tashi daga kasuwar shanu ta Mubi zuwa Fatakwal su dawo. Saniya ma tana samun hanyar nan, Hamma.

Na sha tambayar kaina me ke hana ka. Ina zaton tsoro ne. Ba ka ga Baba da rai ba, ka iso an riga an binne shi, tun daga ranar kake gudun ƙofar gidan nan. In haka ne ka faɗa, ba abin kunya ba ne, ni ma kullum da safe sai na tsaya a bakin ɗakinta na saurari numfashi kafin in yi sallama. Amma tsoronka bai ba ka ikon ɗora min nata ciwon ba. Ban yafe ba tukuna, ba kuma zan yi maka ƙaryar na yafe ba. Wataƙila in na gan ka tsaye a tsakar gidan nan zan iya, ban sani ba.

Yanzu ga saƙon. Maharazu direban tirelar shanu, wanda zai ba ka wannan takarda, zai haɗa maka da ƙaramin gwangwani. Ka buɗe a hankali, akwai auduga a ciki. Gangar jikin Mai Tukunya ce. Ka ce in riƙe maka sai ka dawo, na riƙe, na tsare shi daga rana da ɓera da yara da masu bindiga, kai ne kawai ban yi tunanin tsare shi daga gare ka ba. Ba ni na yanke shawarar aiko maka ba. Da na roƙi Dada ta ba ni kan in gwada liƙawa, ko shi kaɗai ne, sai ta dafe ƙullin ta ce a'a. Ta ce ni na sauke nauyina, in mayar wa mai kaya abin da ya rage a hannuna. Ta ce kan yana wurinta, kuma ba za ta ba ni ba, ba za ta ba Kawu ba, ba za ta ba direba ba. Wanda ya ba da ajiya shi zai zo ya tsuguna a gabanta ya kwance ƙullin da hannunsa. Ta ce in bai zo ba, kada mai wankan gawarta ta kwance, a bar zanen yadda yake a ajiye masa, ranar da ya ga dama ya zo ya kwance shi kaɗai.

Hapsatu tana wurin, ta ji da kunnenta, in kana zaton ƙari na yi. Ta ce kuma kada ka kira ta a waya kan wannan magana, ta gaji da jin muryarka a cikin ƙarfe. Maharazu zai sauke shanu ya juyo ranar Alhamis. Na yi magana da shi, ya ce gaban mota akwai wuri, in kuma girmanka ya wuce tirela, motocin haya ba su ƙare ba. Kada ka tsaya sayen tsaraba. Dorathy ba ta faɗin abu kai tsaye, amma jiya da ta gama awo ta tambaye ni ko wan nawa ya kusa isowa.

Ka gaishe min da Adda Ummusalma da kyau, ka ce mata na san ba ta da hannu a wannan. Ka gaishe da Shafi'u da Adawiyya da ƙaramar da ba mu taɓa gani ba sai a hoto, in da hali ka zo da ita kakarta ta shafa fuskarta. Hapsatu tana gaishe ku, Nafisat tana gaishe ku. 'Yar'uwarmu Adda Saude ta zo daga Sorau tun Juma'a tana taya mu jinya, ita ma ta ce a gaishe ka. Dada ba ta ce a gaishe ka ba. Na tambaye ta har sau biyu kafin in rufe takardar nan, ta ce gaisuwarta tana nan ƙulle a zaninta.

Allah ya ba ta sauƙi, ya kawo ka lafiya, ya sa ka same ta.

Wassalam. Ni ne ƙaninka da ka bar wa ajiya,

Mubashshir.